Gayyar Jan Gida a Cikin Kwamfuta

Valdivia, Litinin

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ya ruwan sama a tsibiri?

Wasan da mu huɗu muka daɗe muna ginawa ya fito. Irin wanda mutane da yawa ke shiga duniya ɗaya ta kwamfuta ne, kowa daga ɗakinsa. Manyan kamfanoni na da dodanni da yaƙe-yaƙe. Mu ba mu da hannun zana su, sai muka sa gayyar jan gida irin tamu, inda ake jan gidan katako sukutum a bi da shi ta teku zuwa sabon wuri.

To, na jawo mana aiki. Gidanmu na kwaikwaya a cikin wasan, na ba shi nauyinsa na gaske, har da murhun ƙarfe. Sai ɗaruruwa sun kama igiya zai motsa, ga shi 'yan wasanmu ba za su cika kwalekwalenka ba. Nicanor abokin aikina ya ce, "Millaray, rage nauyin nan mana, coci za mu ja?" Na ƙi. Mun yi talla, shiru. In bai motsa ran Lahadi ba, za mu watse, in dawo shukar dankali kamar yadda na yi maka alkawari.

'Yarka,
Millaray

Quehui, Laraba

Zuwa ga 'yata Millaray,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi, ruwa kuwa sai abin da ya ƙaru.

Ban gane wasanku ba, amma na gane kuskurenku. Talla? A gidan wa kika ga an kira gayya da talla? Mai gida ne ke zuwa ƙofa-ƙofa, hula a hannu, ya kira mutum da sunansa ya roƙe shi. Wanda aka roƙa shi zai roƙo maƙwabcinsa. Kada ki taɓa nauyin. Gidan da mutum goma za su ja, ba wanda zai baro aikinsa dominsa.

Ba zan ɓoye miki ba, na riga na gyara ɗakinki.

Mahaifinki,
Hipólito Cárcamo

Valdivia, Litinin

Baba,

Ina gaisuwa.

Mun bi su ɗaya-ɗaya a cikin wasan muna roƙo. Nicanor na ta gunaguni: "Na yi karatu don in zama maroƙi ke nan?" Ran Lahadi da hantsi bakin tekun wasan fayau, na fara haɗa kayana a zuci. Can sai ga kwale-kwale, sai wani, sai teku ya yi baƙi da su. Wata daga Lima ta zo da 'yan ajinsu kaf. Wasu ko harshensu ba ma ji. Ba wanda ya tsara su, suka jeru a igiya, wani ya fara ba da murya, saura suka amsa.

Baba, gidan ya motsa. Ya gangara ya shiga ruwa, yana tafe da tagoginsa a buɗe, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna biye da shi. Ni na tsara kowane katako na gidan nan a kwamfuta, amma na tsaya ina kallonsa kamar ban san shi ba. Nicanor ya yi kuka, wai mura ce.

Yanzu kowa so yake a ja nasa gidan. Maganar dankali fa?

Taka,
Millaray

Quehui, Alhamis

Millaray,

Ina gaishe ki. Malamar makaranta ta nuna mini a wayarta. Na ga shuɗiyar ƙofar mahaifiyarki a kan ruwa, sai da na cire hula.

Waɗanda suka ja miki, dole ki ja musu. Yi zamanki. Dankali kuma, gobe zan fara bin ƙofofi.

Mahaifinki