Wutar Kawu Sale da Kashin Jaki

Daren Laraba, Ƙofar Durbi

Sau huɗu na wanke hannu da sabulu, har yanzu warin kashin jaki nake ji. Ko tuwo na kasa ci.

Ni na jawo wa kaina. Da bakina na yi wa 'yan aji biyar alkawarin gobe zan nuna musu yadda kakanninmu ke haɗa wuta ba ashana. Ana tashi makaranta na nufi Batagarawa wajen Kawu Sale, mai cika baki kullum wai abin gadonsu ne.

Ya ɗaura tsirkiya a jikin bakan harbi, ya naɗe ta jikin wani tsinken ice, ya ce in take katako in yi ta ja. Na ja har tafina ya yi bororo. Da hayaƙi ya fara fitowa, sai ya miƙo mini kashin jaki, wai shi ke kama wuta, in murmushe in hura. Ashe bayansa kaɗai ya bushe. Ya fashe a hannuna, ɗanye shataf, ga shi na riga na kai shi dab da baki. Tir!

Wai har da ce mini, "Haba ɗiyata, mine ne abin ƙyama? Ciyawa ce fa."

Har la'asar ba wuta. Na ce, "Kawu, to karɓi ka nuna mini."

Ya sosa ƙeya. "Ai ni ban taɓa yi ba. Kakanmu na gani yana yi."

Sannan ya zaro ashana daga aljihu, wai bari ya ɗora mini shayi.