Kunyar da Mama Ke Bar wa Kumai

Kafanchan,
14 ga Afrilu, 1991

Ƙanena Kumai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya cikin sanyin nan da ka ce yana daskarar da hawaye a ido. Ubangiji ya tsare ku da jirginku. Mu nan da sauƙi, sai gajiya. Mijina Asher ya warke daga zazzaɓi, 'yarmu Bernice ta shiga aji uku. Mama kuwa gwiwoyinta sun ƙi, da sanda take zuwa sujada yanzu.

Wasiƙarka ta iso, na hau babur na kai wa Mama Kwoi na karanta mata. Na yi iyakar ƙoƙarina wajen bayani. Na ce a tekun da kake aiki akwai tsirrai ƙanana da ido ba ya gani, idan ƙanƙara ta narke rana ta fito sai su yi yawa, ƙananan jatan lande su ci su, kifi da manyan namun ruwa su ci jatan landen. Na ce bana ƙanƙarar ta yi jinkirin narkewa, tsirran suka makara, har irin jatan landen da kuka saba gani ya ragu wani ya maye gurbinsa, shi ya sa malamin da ke jagorantar bincikenku ya ce sai kun ƙara shekara. Ta ce ai ta gane, damina ce ta yi musu gardama, wannan ko manomin citta ya san shi. Sai ta tambaye ni ko akwai shekarar da za ta zo daidai da 'yar'uwarta, har malamin ya ce ya isa.

Kumai, na gaji da kai saƙon “baɗi”. Wannan ne karo na uku. Ba na raina aikinka, amma an ce ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ni nake ganinta, kai kana ganin ruwa. Ka tuna Baba bai taɓa yarda a sa citta a ƙasa ba sai kai ka dasa kunyar farko. Tun rasuwarsa Mama take barin kunyar nan ba komai, ciyawa ta cinye ta, maƙwabta suna yi mata dariya, tana cewa ta Kumai ce. Bana ruwa ya sauka da wuri, irin da ta adana a gindin mangwaro ya yi tsiro. Ranar Talata ta sa na riƙe ta har gona, ta durƙusa da ƙyar, ta dasa kunyar taka da hannunta. Ta ce ƙasa ba ta san jira ba, ita ma ta kusa koyo.

Asher da Bernice suna gaishe ka, haka Kawu da Inna Magdalene. Mama ta ce in gaishe ka, ka riƙa rufe ƙirjinka. Na jira ta ce in tambayi ranar zuwanka kamar kullum, ba ta ce ba.

Yayarka,
Afiniki