Karfasa Ba Ta Rayuwa a Ruwan Ikko

Zuwa ga Zubaidatu, farin watan daminata, sanyin kogin Galma da asuba, inuwar ɗorawa a tsakar rana!

Shekara bakwai, Zubaida. Shekara bakwai tun da kika fita takaba na aiko miki da goro, kika karɓa, kika raba wa 'yan kifi a kasuwar Sabon Gari, ba ki ce i ba, ba ki ce a'a ba. Ni ba mutum ba ne? Yanzu kuma sai a bakin duniya nake jin ɗanki Hamza na reluwe zai sa ki a jirgin Alhamis ya kai ki Ikko, bakin teku. Haba!

Ban yi boko ba, amma ni nake kai wa malaman Samaru kifi mai rai, suna zubawa a akwatin gilashi. Da idona na ga sun sa karfasa a ruwan gishiri irin na teku. Kafin la'asar ta ƙanjame, ta kife. Wani malaminsu ya ce kifinmu ba ya shan ruwa, ruwan ne ke shigarsa da kansa, shi kuma yana fitarwa, yana tattalin ɗan gishirin jikinsa kamar zinariya. A teku kuwa gishiri ke tsotse shi. Kifin can kullum cikin sha yake, kullum da ƙishi. Ƙishirwa a tsakiyar ruwa, Zubaida! Can za ki? Ke da Galma ta raina?

Kin tuna ranar da kike feɗe giwan ruwa, kika ciro 'yar jakar iskar nan da ke hana kifi nitsewa, kika fasa ta a kunnena, na zabura har hulata ta faɗa daro? Dariyarki ta ranar ce ke riƙe da ni a saman ruwa har yau. In kika tafi da ita, ƙasa zan yi kamar dalmar bakin raga.

Wai Hamza ya ce na tsufa, ina ƙarnin kifi. Shi da me aka raine shi, turare? Ɗakina na Palladan na sa masa kwano, kwalekwalena ba ya yoyo.

Ba zan je tasha in yi kuka gaban 'yan dako ba. Laraba da hantsi ina bakin rumfarki, ba na gusawa ko za a kira 'yan doka. Kar a turo mini kowa. Ki dube ni ki faɗa da bakinki: za ki aure ni, ko ba za ki ba?

Naki, ko kin zauna ko kin tafi, har ƙasa ta rufe idona,
Uba Masunci