Golmo Cikin Kayan Coci

Jos, 9 ga Yuli, 2004

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kai da Mama da mutanen Dabai kuna lafiya.

Baba, gatanka ya ja mini. Ka san aikina na ƙarshe a nazarin al'adu shi ne ɗaukar golmo a bidiyo, yadda samarinmu ke nome gonar surukai kafin a ba su mata. Na zo da kyamarar aro, sai na tarar ka sa kowa ya sa kayan coci. Yaya Joel har da kwat yake huɗa! Malamina ya kalli kaset ɗin ya ce ɗaurin auren wa ake yi. In ban sake ɗauka ba kafin damina ta wuce, sai na maimaita shekara.

'Yarka,
Hannah

Dabai, 20 ga Yuli

Hannah ɗiyata,

Muna lafiya, ruwa ya yi kyau. Maimaita shekara ba daɗi, amma ni Saja Haggai ban yi kuskure ba. Ina bariki wata jarida ta buga hoton mutanenmu da warki, jiki duk laka. Sojoji suka riƙa miƙa wa juna suna dariya, suna tambayata wane ne babana a ciki. Na haɗiye, amma na rantse ba mai sake ɗaukar mu haka ina da rai. Allah shi kiyaye ki.

Babanki

Jos, 29 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Na yi kuka da na karanta. Amma mai hoton nan bai tambayi sunan kowa ba, ya ɗauka ya wuce. Abin da nake karantawa a makaranta ke nan: wa ke riƙe da kyamara, kuma me yake so a gani. Ni na san sunan kowa, na san ma'anar waƙar da suke yi. Da wannan lakar ka auri Mama, kuma ni ban taɓa jin kunyarta ba. Ka huta lafiya.

Hannah

Dabai, 6 ga Agusta

Ɗiyata,

Ki taho ran Asabar. Mamarki ta kakkaɓe tsohuwar garmata, tana yi mini dariya wai bayana ba zai iya ba. Ni zan shiga gaban samari. Ki rubuta sunana cikakke a ƙasan hoton: Saja Haggai Dodo, uban mai kyamara.

Babanki