Ramin Mai na Ɓangaren Hagu

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa sanyin can bai tayar da ita ba, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan da sauƙi, gwargwadon sauƙin gidan da aka yi rashi. Masu zuwa ta'aziyya sun ragu. Matar Auta tana wurinmu, cikinta ya shiga wata na bakwai, likita ya ce lafiya lau. Inna tana taɓa abinci kaɗan-kaɗan in an matsa mata. Allah ya jiƙan Auta, ya sa ya huta, ya ba mu haƙurin rashinsa.

An gaya miki a waya cewa babur ne ya kayar da shi a gangaren dutse, kuma haka ne. Amma akwai sauran magana wadda ba ta waya ba ce, kuma ke kaɗai na ga zan iya rubuta wa, don ke kika goyi Baba, ke kaɗai kike kiransa Mai Taurin Kai ya yi dariya. Ki yi haƙuri zan ɗan shiga zancen inji, sai da shi za ki gane abin da ya faru.

Babur ɗin Auta irin tsohon nan ne da ake zuba wa man inji a cikin fetur. Ba shi da wata ma'ajiyar mai a ƙasa. Haɗin fetur da iska shi ke ratsa kwanson injin, ya shafa wa ƙarafa mai a kan hanyarsa, sannan ya hau sama ya ƙone. Shekara arba'in Baba yana gyaran irin wannan kwanso. Yakan raba shi biyu, ya kankare hanyoyin iska da magagari har su yi santsi, ya cike lungunan da iska ke maƙalewa da gam mai ƙarfi. Sannan akwai ƙananan ramuka biyu, dama da hagu, waɗanda mai ke bi ya sauka kan boris, wato ƙwallayen da ƙarfen tsakiya ke juyawa a kansu. Yakan buɗe bakinsu kamar mazurari, ya yi musu 'yar kwata. Yakan ce inji da mutum duk ɗaya ne, numfashi da jini, shi ya sa Auta yake kiransa Likitan Huhu. In ya gama, ba ya rufe kwanso sai ya ɗiga mai ɗigo guda a kowane rami, an ga ya ɓullo ta ƙasa. Bai taɓa tsallake wannan ba.

Abin da ba mu taɓa gaya miki ba shi ne, idon Baba ya yi yana tun shekara uku. Duk mun sani, shi ma ya san mun sani, amma ba mai furtawa. Da yatsa yake aiki, kuma yatsan nasa ya fi idon wasu. Ɗigon man nan kawai yatsa ba ya gani. Don haka kullum Auta kan biya ta gareji kamar hira ta kawo shi, ya leƙa, ya ce Likita, jini ya sauka, sai Baba ya ce wa ya tambaye ka, ai na gani. Haka suka yi ta yi, mu kuwa muna ganin rufin asiri ne.

Auta ya daɗe yana kukan babur ɗin ba ya jan hawa in ya ɗauko kayan kemis zuwa garuruwan bayan dutse. Da ya tafi rakiyar surukinsa asibiti na kwana huɗu, sai Baba ya sauke injin a ɓoye, wai ya dawo ya tarar da abin mamaki. Kin ga mai duba masa ɗigo ba ya nan. Ranar da zai rufe kwanson, da safe, na biya in ajiye masa maganinsa, motar maɗaba'ar da nake wa aiki tana jirana a bakin titi. Ya kira ni, ya ce in zo in ga wani abu, tunda aikina ke nan gano ɗigon da ya ɓace a takardun mutane. Ya ɗiga a na dama, na ga man ya sauko. Ya ɗiga a na hagu, na sunkuya, na jira kaɗan, direba yana ta danna oda. Na ga boris yana sheƙi. Ban san ya riga ya shafa masa mai tun farko ba, ban kuma tsaya na tambaya ba. Na ce ya fito, Baba. Ya ce madalla, je ki kada su tafi su bar ki.

Auta ya dawo ya hau, ya zagaya layi, ya ce wannan ba babur ba ne, aljani aka ɗaura wa taya. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana jin daɗinsa. A doguwar gangara mutum yakan saki totur, fetur ya ragu, man da ke cikinsa ma ya ragu. Lafiyayyen boris yakan jure. Na hagu ya riga ya bushe. Injin ya buga, tayar baya ta ƙame a daidai kwana. Sauran kin sani.

Da hukuma ta sako mana babur ɗin, wurin Mai Walda aka kai shi, aminin Baba na jikin garejinsa. Shi ya buɗe, ya aiko a kira ni ni kaɗai. Ya zura siririyar waya a ramin dama ta wuce, ya zura a na hagu ta tsaya a rabi. Gam ne ya gangara ciki kafin ya daskare. Baki a buɗe, ciki a toshe. Ya ce Baba yana ta aike a kawo masa injin ya shafa da hannunsa, kuma shi minti ɗaya ya ishe shi ya huda ramin ya goge, a ce ƙarfe ne ya gaji, a bar tsoho ya ƙarasa kwanansa da kwanciyar hankali. Gwaggo, na so in ce to. Amma irin wannan rufin asirin ne ya kai mu inda muke. Na naɗe kwanson a tsumma na kai wa Baba yadda yake, na miƙa masa wayar, na faɗa masa ban ga ɗigon ba, sheƙi kawai na gani.

Ya zura wayar sau uku. Sannan ya ce wanda ya san ba ya gani, ya ƙi faɗa, ya ari idon da bai koya wa aikin ba, shi ne mai laifi. Ya ce ya rasa ɗa guda, ba zai bari uwa ta riƙa kallon 'yarta tana tuna gawa ba. Ya hana ni faɗa wa kowa. Da yamma ya tara Inna da matar Auta a tsakar gida, ya ce musu shi ya toshe ramin, shi kaɗai ya gwada, babu kowa a wurin. Ina zaune a bakin ƙofar kicin. Ban taɓa jin Baba ya yi babbar ƙarya ba sai ranar, kuma don ni ya yi ta.

Yau kwana tara Inna ba ta yi masa magana ba. Takan zuba abincinsa ta ba ni in kai masa, ni da na fi shi cancantar shirun nan. Matar Auta tana gaishe shi tana kallon ƙasa. Ya rufe gareji, ya ba Mai Walda makulli, yana wuni a kan benci a zaure hannuwansa bisa gwiwa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ina ganin ana yanke Baba a hankali a gabana, kuma rabin wuƙar a hannuna take.

Don haka na yanke shawara. Kafin takardar nan ta iso gare ki zan zaunar da Inna da matar Auta in faɗa musu yadda aka yi, tun daga odar mota har maganar da na furta. Wataƙila su raba shirun biyu su ba ni rabona, wataƙila su ba ni duka. Ko wanne zan ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne fushin Baba, don zan saɓa wa abu guda da ya roƙe ni. Alfarmar da nake nema ke nan: in kin karanta, ki kira ƙanenki. Ki ce masa kada ya yi fushi da ni. Ki ce masa kayan da mutum biyu suka ɗaura, ba a barin tsoho ya ɗauka shi kaɗai.

Ki gaida Kawu da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaida Yaya Babba da maiɗakinsa, da Mai Gado, da tagwaye. Ki ce wa 'Yar Lele na ga saƙonta, zan amsa in na sami kaina. Ku sa Baba a addu'a kafin kowa.

Wassalam.
'Yarki ta tsakiya