Mun Gaji da Likitan Gilashi

Anti, don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Ban daɗe da gama firamare ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Babana tela ne, yana da ciwon suga. Tun bara wani gyambo ya fito masa a idon sawu, ya ƙi warkewa, har ya daina taka keken ɗinki. Asibitin da ke duba irin wannan ciwo yana da nisa, sai suka ce likita zai riƙa ganinsa ta waya, a bidiyo, duk mako. Ni ce mai riƙe wayar, saboda Yaya yana tsare shago, Gwaggo kuma in ta riƙe silin take haskawa.

Anti, wannan abu wasan yara ne. Ranar kira, tun da safe Gwaggo za ta sa a share ɗaki, a canza zanen gado, kamar surukai za su zo. Ta warware bandejin da ya jiƙe sharkaf ta jefa a shara, ta wanke ciwon, ta shafa hoda a gefensa inda ya yi baƙi, wai kada a ce mu ƙazamai ne. Baba ya sa sabuwar riga ya zauna yana murmushi. Likita ya leƙo ta gilashin waya ya tambayi jiki, Baba ya ce da sauƙi, shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce a ci gaba da magani. Shi ke nan, wai an ga likita!

Wane irin likita ne ba shi da hanci? Ni da nake tsugune a gaban ƙafar na san warin ya canza. Ta kumbura, ta yi zafi kamar dutsen guga, kuma Baba yana rawar sanyi da tsakar rana. Na taɓa buɗe baki zan faɗa, Baba ya kalle ni, sai na mayar da idona kan wayar. Ta yaya zan ƙaryata mahaifina a gaban baƙo?

Yanzu Gwaggo ta ce akwai wani mai magani a bayan tasha da ke ɗaure gyambo da garin itace. Shi dai ko ba komai yana taɓawa da hannunsa. Mu rabu da likitan gilashi mu koma can? Ina tsoron a yanke wa Baba ƙafa.

Mai Riƙe Waya

'Yata,

Kin yi wa likita dariya, bari ni ma in yi wa gidanku. Kun yi wa gyambo kwalliya har da hoda, sannan kuna jin haushin an ce ya yi kyau. Gwaggonki ta tsare mutuncin zanen gado, ta manta da ƙafar ɗan'uwanta. Babanki kuma ya ɗauki amsar da ake ba maƙwabta in sun zo dubiya ya miƙa wa likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma kina da gaskiyarki. Waya ba ta jin wari, ba ta taɓa fata. Likitan da ke duba ciwo daga nesa ya kamata ya tambayi wari da zazzaɓi, ya kuma nemi jin ta bakin mai jinya. Idan bai yi ba, shi ma ya yi sakaci. Duk da haka kiran yana da amfani: yana hutar da ƙafa mai ciwo daga doguwar hanya, muddin an nuna gaskiya.

Yanzu ki saurara da kyau. Sabon wari, kumburi, zafi da rawar sanyi a jikin mai ciwon suga ba sa jiran ranar kira. A kai shi asibiti yau, likita ya gani da ido. Mai garin itace kuwa, ku bar shi a bayan tasharsa. Taɓa ciwo da hannu ba shi ne iya magani ba.

In an dawo gida aka ci gaba da bidiyo, kada a yar da bandeji sai likita ya ga abin da ya sha. Hoda ta koma fuskar mai ita. Ki juya ƙafar wajen hasken taga, ki riƙe tef ɗin awon Baba kusa da ciwon ba tare da ya taɓa ba, don a ga ko yana girma.

Kunyarki tarbiyya ce, ban raina ta ba. Ba sai kin ƙaryata shi a gaban kowa ba. Ki je shago yanzu ki faɗa wa yayanki duk abin da kika faɗa mini, ku shiga wurin Baba tare. Zai yi faɗa, ƙila ya yini bai kula ki ba. Bar shi ya yi fushinsa a gadon asibiti da ƙafafunsa biyu.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Antinki