Ƙararrawar Busiku

Zuwa ga Kawu Habeenzu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki a Choma? Kawu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da aka tashe mu daga tsohon gida don gina tashar lantarki ta kwal, ina shiga filin ta wata ɓaraka a shingen waya, ni da Busiku, akuyar da Mama ta bar mini. Tana kiwo, ni kuma ina zaune gefen kabarin Mama.

Ka san tashar ba ta zo ba, an ce 'yan China sun daina ba da rancen kwal. Yanzu sun dawo da wani aiki ƙarami, farantan hasken rana. Shugaban ma'aikata ya ce tumaki za su riƙa shiga suna cin ciyawar ƙarƙashin farantan, amma ban da awaki, wai suna hawa sama suna tauna waya. Baba ya ce zai musanya awakinmu duka da tumaki, har Busiku. Na kasa yi masa magana, ko tuwo ba ya shiga mini. A al'adarmu abin da Mama ta bari dukiyar ɗakinku ce, kai ɗan'uwanta ke da iko da Busiku, ba Baba ba. Don Allah ka hana shi.

'Yarka, Miyanda

Zuwa ga Miyanda,

Na gaishe ki, sarkin shiru. Ashe bakin naki a alƙalami yake. Ki gaida babanki da ƙannenki.

Wannan akuya na san ta, ta taɓa cinye mini takardar albashi, don haka mutanen ba su yi mata sharri ba. Taurin kanta na uwarki ne sak. Amma ki sani, idan aka kafa farantan za a ɗinke shingen, a sa maigadi. Daga nan mai kora tumaki kaɗai zai wuce ƙofa. Kuma a wajen shinge babu ciyawa, bara awakinku nawa suka mutu da rani? Ikon da kike cewa nawa ne na miƙa miki. Na faɗa wa babanki kada ya taɓa ta sai da yardarki. Ki daina ƙin cin abinci.

Kawunki, Habeenzu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. An ɗinke ɓarakar. Na zagaya shingen kaf, babu ko inda kaza za ta bi. Daga waje ina hango bishiyar da ke kan kabarin, Busiku tana ta tura waya da kai. Maigadin ya ce mini, "Ke 'yar nan, kullum a nan? Ko farantan kike so ki aura?" Na ja Busiku muka koma.

Ranar kasuwa ni da kaina na kai ta wurin wata tsohuwa mai tumaki, wadda ta yi mini alkawarin ba za ta yanka ta ba. Ta ba ni wata tunkiya mara wayo, ko sunanta ba ta amsawa. Na gaya wa Baba ni zan riƙa kora tumakin.

Ƙararrawar Busiku ban bayar ba. Na ɗaura wa tunkiyar a wuya, don idan mun shiga gobe Mama ta san mu ne.

Ka huta lafiya.
Miyanda